Wasan Ya Tsufa, Kuɗinsa Bai Sauko Ba

Wata 'yar uwa ta kawo mini kuka: ɗanta ya dame ta a saya masa wasan tseren motoci na Mario Kart, ta lallashe shi ya bari kaya su kwana biyu a kasuwa su yi araha. Yau shekara biyu, farashi ko gezau.

Uwargida, da atamfa ce da lissafinki ya fita, domin in yayi ya wuce ɗan kasuwa kan karya kuɗi. Kamfanoni da yawa ma haka suke yi da wasanninsu. Amma ban da Nintendo na ƙasar Japan. Mario Kart 8 Deluxe ya fito a 2017 a kan dala 60 a Amurka, har 2025 kuwa haka yake, sai ɗan rangwame jefi-jefi.

Tsohon shugaban kamfanin, Satoru Iwata, wanda ya mutu a 2015, yana ganin yawan rage kuɗi koya wa mai saye jira ne, kuma rashin adalci ne ga wanda ya fara saya. Ni dai na ce har da rashin kishiya: Mario nasu ne su kaɗai. Kullum kuma ana haihuwar yaran da wasan sabo ne a wurinsu. An sayar da kwafi sama da miliyan 60, to me zai sa su rage?

In kin yanke shawarar saya, ki nemi katin na hannu, a gwada shi a gabanki. In yaro ya gaji da shi, ya sayu da daraja.