Jijiyar Harshe da Lafiyar Zuciya: Tsakanin Fata da Hujja

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam, waɗanda ba a sanin ƙimarsu sai sun gushe, akwai barci. Amma akwai bayin Allah, waɗanda wani ƙiyasi na shekarar 2019 ya kai adadinsu miliyan 936 a duniya, da suke kwana suna fama da numfashinsu alhali ba su sani ba. Asalin illar shi ne, idan barci ya yi nauyi sai naman maƙogwaro ya saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska, minshari ya yanke, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, har sai jiki ya firgita ya farfaɗo. Kuma da yake hakan yakan maimaitu sau 30 ko fiye cikin awa guda ga wanda cutarsa ta tsananta, sai jini ya yi ta rasa iskar da yake bukata, zuciya ta yi ta wahala a lokacin hutunta. Shi ya sa likitoci suke yawan samun cutar tare da hawan jini, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari.

Tun 1981, lokacin da Colin Sullivan na ƙasar Ostareliya ya bayyana na'urar CPAP mai tura iska ta takunkumin fuska, ita ce madogara, sai dai marasa lafiya da yawa ba sa iya jure kwana da ita. Domin irin waɗannan ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta halatta, a 2014, wata 'yar na'ura ta kamfanin Inspire, wadda ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji, tana lura da shigar numfashi, tana aika ɗan motsin lantarki zuwa jijiyar da ke sarrafa harshe, harshen ya matso gaba, hanya ta buɗe. A gwajin STAR, wanda aka yi wa wannan na'ura kan mutum 126, yawan ɗaukewar numfashi ya ragu da kashi 68 cikin 100 bayan shekara guda, kuma wannan natija ce da babu mai adalcin da zai raina.

To, amma a nan ne ya wajaba mai hankali ya dakata, domin kuwa raguwar alamar cuta daban, kuɓuta daga sharrinta daban. A 2016 aka wallafa binciken SAVE, wanda ya gwada CPAP kan masu wannan cuta 2,717 da ke da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, sai ga shi CPAP, duk da ta rage gyangyaɗin rana, ba ta rage aukuwar bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, wataƙila saboda tsaka-tsakin amfani da ita bai wuce awa 3 da 'yan mintoci a dare ba. Masu goyon bayan dashen suna cewa abin da ake jure amfani da shi dare duka ya fi kusa da tsare zuciya; zance ne mai ma'ana, amma ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi ba ya zama madadin shaida, musamman da yake gwajin STAR bai ɗauki masu ƙiba sosai ba, alhali su ne ciwon sukari ya fi yi wa barazana.

Ra'ayina shi ne a karɓi wannan hikima ta dashe da godiya a matsayin maganin numfashi ga wanda ya cika sharuɗɗanta, kada a tallata ta a matsayin garkuwar zuciya kafin hujja ta tabbata. Kai kuma mai karatu, idan iyalinka suka shaida maka minsharinka yana yankewa, ga gyangyaɗi da rana, ga hawan jinin da ya ƙi jin magani, to, ka garzaya wurin likita, ka rage ƙiba, kuma kada ka bar shan maganinka.