LITTAFIN SUNAYEN 'YAN ƘUNGIYA A WURIN AIKI: WA KE RIƘE DA SHI?

A wuraren aiki da dama na Ikko, da Badun, da Fatakwal, akwai waɗansu ƙananan ƙungiyoyi na neman adalci waɗanda ba su cikin ƙungiyoyin ƙwadago masu rajista da gwamnati. Wata ta mata ce masu kukan ana tsallake su wajen ƙarin girma, wata ta naƙasassu, wata kuwa ta 'yan Arewa masu aiki a masana'antun Ikeja da Agbara, ko a bakin jirgin ruwa a Apapa, waɗanda ke ganin kullum su ne a ƙofar gadi da wajen dako, ofis kuwa sai hange. Abin da irin wannan ƙungiya ta kan fara yi shi ne ta sayi babban littafi, ko ta buga fom, a ce kowa ya rubuta sunansa, da jiharsa, da ƙabilarsa, da addininsa, da albashinsa, da lambar wayarsa, wani lokaci ma har da lambar NIN da irin rashin lafiyar da ke damunsa.

Ba za a ga laifinsu ba da suka nemi ƙidaya. Manaja ba ya sauraron "ana zaluntarmu" da fatar baka, amma idan aka ajiye masa takarda mai nuna mutum nawa aka ɗauka, nawa aka ƙara wa girma, daga wane ɓangare, dole ya gyara zama. Gwamnatin Tarayya kanta haka take yi: tun 1996 da aka kafa hukumar tabbatar da raba daidai a ma'aikatun tarayya, babban aikinta shi ne karɓar jerin ma'aikata bisa jihohinsu. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, amma wanda zai kai kuka a kan wannan sai ya zo da shaida.

Sai dai fa littafin nan da ke ba ƙungiya ƙarfi, shi ne kuma abin da zai fi saurin karya ta idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Jama'a ba su manta da abin da ya auku a Jihar Abiya a 2011 ba, lokacin da gwamnatin Theodore Orji ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, ta ce su koma jihohinsu, tana kawo hujjar nauyin biyan mafi ƙarancin albashi na Naira 18,000. Yawancinsu ma daga maƙwabtan jihohi suke, masu harshe ɗaya da mutanen Abiya. Ba a bukaci wani dogon bincike ba kafin a san wanda za a sallama, domin layin nan na "jihar asali" da ke cikin fayil ya wadatar. To, in haka ta faru da ma'aikatan gwamnati masu takardar ɗauka da fansho, ina ga ɗan kwantiragi wanda dillalin leburori ya kawo, wanda ba a bukatar komai wajen korarsa illa a ce masa gobe kada ya zo?

Littafin ƙungiya kuwa ya ma fi fayil ɗin kamfani haɗari. Fayil yana nuna daga inda mutum ya fito ne kawai. Littafin ƙungiya yana nuna wanda ya buɗe baki ya yi kuka, da ranar da ya yi, da sunan shugaban da ya yi kuka da shi. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a kori ma'aikaci saboda shiga ƙungiyar ƙwadago, amma ƙungiyar mata ko ta 'yan Arewa da aka kafa a cikin kamfani ba lallai ba ne wannan inuwa ta rufe ta.

Abin da shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, doka ta riga ta shigo cikin maganar. Cikin watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar da ake kira NDPC a ƙarƙashin Dokta Vincent Olatunji. Kafin nan ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019 ake bi. Dokar ba ta tsaya ga kwamfuta ba, ta shafi bayanan da aka tara ko da na'ura ko ba da na'ura ba. Watau littafin sakatare mai bangon kwali, wanda yake ajiyewa a aljihun teburin ɗakin gadi, yana ciki. Wanda aka keɓe shi ne mai tara bayani don harkar kansa ko ta gidansa, ƙungiya kuwa ba gida ba ce.

Har ila yau dokar ta ware waɗansu bayanai ta ce masu tsananin sirri ne. Daga cikinsu akwai ƙabilar mutum, da addininsa, da lafiyarsa, da ra'ayinsa na siyasa, da kasancewarsa ɗan ƙungiyar ƙwadago. Mai karatu zai lura cewa waɗannan su ne ainihin abubuwan da fom ɗin ƙungiyar neman adalci ke tambaya. Sashe na 30 ya yarda ƙungiyar da ba ta neman riba, irin ta addini, ko ta ilmi, ko ta taimakon jama'a, ko ta ƙwadago, ta riƙe irin wannan bayani a kan 'ya'yanta, amma da sharaɗin ta tsare shi sosai, kuma kada ya fita wajen ƙungiyar sai da yardar mai shi ƙarara. Shiru ba yarda ba ne a wurin wannan doka.

A nan ne gizo ke saƙa, domin kamfani shi ma "waje" ne. Sau da yawa kamfanin ne da kansa ke ƙarfafa kafa ƙungiyar, ya ba ta ɗakin taro, ya sayi lemo da biskit, sa'an nan wata rana ofishin kula da ma'aikata ya aiko a ce a kawo jerin sunaye don a san yawan kujerun da za a tanada. Sakataren da ke neman zaman lafiya da na sama sai ya miƙa. Amsar da ta dace ita ce adadi: mutum arba'in ne, a kawo kujeru arba'in. Haka kuma ajiye jerin a kwamfutar kamfani, ko aika shi ta imel ɗin kamfani, daidai yake da ajiye shi a teburin manaja, domin masu kula da injinan suna iya buɗewa.

Ko adadin ma sai da lura. A ce ƙungiya ta rubuta cikin rahotonta cewa mata biyu Musulmi a sashen ɗaure kaya sun yi kukan an hana su lokacin salla, alhali kuwa su biyun ne kaɗai mata Musulmi a sashen. Ba a ambaci suna ba, amma kowa ya san su. Ga 'yan Arewa a Kudu wannan matsala ta fi tsanani, saboda a yawancin sassa ba su da yawa, kuma sunan mutum kaɗai ya isa ya faɗi addininsa da inda ya fito. Dabara ita ce a haɗa ƙananan sassa wuri ɗaya a cikin rahoto, a kuma raba littattafai biyu: na sunaye da kuɗin wata dabam a hannun ma'aji, na koke-koke dabam, da lamba a maimakon suna, a hannun mutum ɗaya ko biyu da taro ya zaɓa.

Lambar NIN da ta BVN kam ba abin da ƙungiyar neman adalci za ta yi da su, kuma tambayarsu ɗaukar kayan da ba a ɗora mata ba ne. Maganar lafiya ta fi wannan nauyi. Dokar 2014 ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta hana nuna wa naƙasassu, amma babu dokar da za ta mayar da magana cikin ciki bayan ta zaga masana'anta.

Sai kuma zauren WhatsApp, wanda a yau shi ne ɗakin taron yawancin ƙungiyoyi. Duk wanda aka jefa ciki, lambarsa ta kan bayyana ga kowa, kuma mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton hira ya kai gaba. Jefa mutum ciki ba tare da an tambaye shi ba shelar cewa ɗan ƙungiya ne aka yi masa.

Idan littafi ya ɓata, ko aka saci wayar sakatare, kuma abin zai iya cutar da mutane, doka ta ce a sanar da NDPC cikin awa 72, in haɗarin babba ne a gaya wa masu sunayen nan take. Tarar da aka yanka wa ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai Naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Gaskiya dai hankalin hukumar ya fi karkata ga manyan kamfanoni, kamar tarar Naira miliyan 555.8 da ta yanka wa bankin Fidelity a 2024, wadda bankin ya ce bai yarda da ita ba. Da wuya jami'anta su taso daga Abuja saboda littafin 'yan dako, don haka tsaron yana wuyan 'yan ƙungiya ne da kansu.

Dokar ta ba kowane ɗan ƙungiya ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye yardarsa, ya kuma nemi a goge. Wannan ya fi shafar mai aiki a Kudu wanda ya kan tafi gida noma da damina, wani lokaci ba ya dawowa, sunansa da kukansa kuwa suna nan cikin littafi shekara da shekaru. Sakataren da ya rubuta su ma mai yiwuwa an ƙara masa girma, yanzu yana zaune a ofishin da aka yi kuka da shi, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ya miƙa littafin ga wanda ya gaje shi.