Zauren Intanet na Sa-kai: Wace Manhaja ce Ta Dace da Hausa?

Tun kafin intanet ta game duniya, masu sha'awar kwamfuta sun san wani zaure da ake kira BBS, wato allon sanarwa na kwamfuta. Ward Christensen da Randy Suess ne suka kafa na farko a birnin Shikago a 1978. Mutum kan kira kwamfutar ta layin tarho, ya karanta saƙonnin da aka bari, ya bar nasa. Har yau akwai masu riƙe da irin wannan zaure don sha'awa. To, idan malamai da ɗalibai a Ƙaraye da Rogo suka ƙudurta buɗe nasu, domin taskace tarihin masarautarsu da labarin ƙauyukan da madatsar ruwa ta Challawa ta shafa, wace manhaja ya kamata su zaɓa?

Ma'auni na farko shi ne mallaka. Manazarta Hausa ba su manta da zauren Finafinan Hausa da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe a Yahoo Groups a 2001 ba, inda aka tafka muhawarori masu amfani. A ƙarshen 2019 kamfanin ya share abubuwan da zauruka suka ajiye a shafinsa, sannan ya rufe dandalin a Disamban 2020. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Zauren da yake kan WhatsApp ko Facebook ma na aro ne. Saboda haka manhajar da ta dace ita ce wadda masu zauren za su girka da kansu, su kwafe taskarta duk lokacin da suka so. Synchronet da phpBB sun cika wannan sharaɗi, domin kowa yana da damar duba cikinsu ya gyara. Mystic kyauta ce, amma cikinta a rufe yake.

Ma'auni na biyu, wanda ya fi shafar masana harshe, shi ne haruffa masu ƙugiya. Tsofaffin manhajojin BBS an gina su ne a kan tsarin haruffa na CP437, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. A irin wannan allo, ƙasa da kasa sukan zama ɗaya, haka ɓata da bata, kuma sunan Ƙaraye kansa ba zai rubutu daidai ba. Taskar da ta zubar da ƙugiya ta zubar da hujjar da mai nazarin ƙa'idojin rubutu zai nema gobe. Tun fitowa ta uku a 2007 phpBB take aiki da tsarin UTF-8. Synchronet ma ta karɓi tsarin daga baya, amma wajibi ne a gwada rubutawa da bincikowa kafin a amince.

Ma'auni na uku shi ne sauƙi. Mafi yawan masu shiga da waya za su shiga, kuma kuɗin data ba ƙaramin nauyi ba ne ga ɗalibi. Zauren da rubutu ya rinjaya a cikinsa ba ya cin data, kuma ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi tana iya ɗaukarsa da wutar sola.

Wani zai ce jama'a suna WhatsApp, don haka zaure na daban kufai zai zama. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ba dole ba ne a raba gari da WhatsApp: a bar shi wurin sanarwa da gayyata, a mayar da doguwar muhawara inda za ta tabbata. Ga mai sha'awar tsohon salo, Synchronet ta wadatar. Ga zauren da yake son ɗalibin 2050 ya tarar da Hausar Ƙaraye da Rogo da ƙugiyoyinta, phpBB ce ta fi cancanta, muddin aka ajiye kwafin taskar a wani ɗakin karatu na jami'a.