Wakilan Jamus da Kuɗin Yaƙi a 1914

Wani ya tambaya: tun da ba a yaƙi sai da kuɗi, kuɗin kuma sai majalisa ta yarda a ke fitar da su, me ke hana wakilai su rufe baitulmali su tsai da yaƙin da ba su so? Amsar tana cikin abin da ya faru a Jamus.

A shekarar 1914 jam'iyyar ma'aikata, watau SPD, ita ce mafi rinjaye a majalisar Jamus, da kujera 110 da ta ci a zaɓen 1912. Har ƙarshen watan Yuli mutanenta suna kan titi suna cewa ba su son yaƙi. Amma ran 4 ga Agusta, da gwamnatin Sarkin Jamus ta nemi izinin cin bashin mark miliyan dubu 5, babu ko mutum ɗaya cikinsu da ya ɗaga hannu ya ƙi.

Ba wai duk zukatansu sun yarda ba ne. Kwana ɗaya kafin nan sun yi shawara a ɗaki, 78 suka yarda, 14 suka ƙi. Sai dai ƙa'idarsu ita ce a shiga majalisa da baki ɗaya. Har ma shugabansu Hugo Haase, wanda ya ke cikin masu ƙin, shi aka sa ya karanta takardar amincewa. Lalle wannan abin tausayi ne.

Abin da ya ɗaure su yana da yawa. An faɗa musu sojan Rasha na bisa hanya, kuma sun gaskata. Sun tuna yadda Bismarck ya haramta ƙungiyarsu daga 1878 zuwa 1890, suna tsoron a sake rufe jaridunsu a ƙwace asusun ƙungiyoyin ƙwadago. Mafi nauyi kuwa, 'ya'yan masu zaɓensu ne aka riga aka kira soja. Wakilin da ya hana kuɗi ba za a ce ya ƙi yaƙi ba, za a ce ya bar yaron maƙwabcinsa ba harsashi ba abinci. A ganina nan ne igiyar ta ke: da zarar soja ya fita, gwamnati ta sauya tambayar, ba wanda ya ke iya amsa ta yadda ya so.

Karl Liebknecht ya bi jam'iyya a Agusta, ya yi nadama. Ran 2 ga Disamba da aka sake neman kuɗi, shi kaɗai ya ce a'a. A 1915 aka tura shi aikin soja, a 1916 aka ɗaure shi. Duk da haka a Disamba 1915 masu ƙin sun kai 20, a 1917 jam'iyyar ta dare biyu. A lokacin wutar ta riga ta iso har Garwa ta ƙasar Kamaru.

'Yan kasuwa su lura da wannan. Bashi aka fi dogara da shi, ba haraji ba, da zaton wanda aka ci da yaƙi shi zai biya. Sai Jamus ce aka ci, aka ɗora mata diyya a kan bashin. A Nuwamba 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mark miliyan sau miliyan huɗu da 'yan kai, wanda duk ya ranta wa gwamnati ajiyarsa ya tashi da takarda.