Kafin ka ɗauki kwamfutarka zuwa wurin mai gyara

 

Yau maganarmu a kan kwamfutar tebur ce, wato mai akwatin nan da ke ƙarƙashin kanta a shagunanmu. A cikinta muke rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, da sunayen waɗanda muke bi bashi, da takardun kwastan. Da dare kuma yara su hau kanta su yi aikin makaranta. Ranar da ta ƙi tashi, hankalin mai shago ma tashi yake yi, sai ya sungume ta ya kai wa mai gyara, a ce masa uwar allo ta ƙone, ya biya ko ya sayi wata. Ni ba injiniya ba ne, ɗan kasuwa ne irinku, amma na daɗe ina buɗe waɗannan akwatuna, nawa da na maƙwabta. Abin da na gani shi ne yawancin ciwon kwamfuta daga abubuwa masu araha yake fitowa: waya, ƙura, ram da ya saki, ko batir ɗan mitsitsi. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai tsada, sau da yawa kuɗinsa na nan a aljihunsa.

Ƙa'idoji uku kafin a taɓa komai

Na farko, a zare waya daga bango, sannan a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 domin sauran wutar da ke ciki ta fita. Kafin ka sa hannu a ciki, ka taɓa ƙarfen akwatin. Lokacin hunturu iska a bushe take, jikin mutum yana tara wata 'yar wuta, irin wadda ke ɗan fizgarka in ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta lalata ram. Na biyu, ka ɗauki hoton cikin akwatin da wayarka kafin ka cire ko da waya ɗaya, don ka san inda kowace za ta koma. Na uku, abu ɗaya ake canjawa sannan a gwada. In ka canja abu huɗu a tare ta tashi, ba ka san wanda ya gyara ta ba, gobe in ta sake sai ka koma farko.

In ta yi shiru gaba ɗaya

Ba haske, ba ƙarar fanka. To fara daga bango. Ka jona cajar waya a soket ɗin ka gani ko akwai wuta. Ka tsallake wayar jone-jonen nan mai baki da yawa, ka sa kwamfutar kai tsaye a bango. Ka ari wayar firinta ko ta monita ka gwada, don yawanci bakinsu iri ɗaya ne. Ka leƙa bayan akwatin, akwai makunni mai alamar 0 da I a jikin fawa saflai, yaro mai shara yakan buge shi bai sani ba.

Masu sayen kwamfutar gwanjo, ku saurara da kyau a nan. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, daga Gana har Chadi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 ka jona a wutarmu, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna, shi ke nan fawa saflai ya tafi. Don haka tun a wurin saye ka duba, ka tura shi zuwa 230.

In duk wannan lafiya, sai a tuhumi fawa saflai ɗin kansa. Dell da yawa na ofis suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayansa: ka danna, in koriyar fitila ta kama fanka ta juya, da sauran ransa. Mai mita zai iya aunawa: rawayar waya bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo 3.3, kuma kada su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100. Amma ina roƙonku, kada kowa ya kwance fawa saflai ya buɗe cikinsa. Akwai kafasita a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya. In ya mutu canja shi ake yi, kuma a tafi kasuwa da tsohon a hannu, domin wasu Dell da HP bakin wayarsu nasu ne su kaɗai, na gama-gari ba ya shiga.

In fanka na juyawa amma sikirin baƙi

Wannan shi ya fi yawa, shi ne kuma ya fi tsorata mutane. Ka fara da monita: tana kunne? An saita ta a kan ƙofar da wayar ke ciki, VGA ko HDMI? In kwamfutar tana da katin hoto na daban, a jikin katin ake jona wayar, can ƙasa, ba a ƙofar uwar allo da ke sama ba.

Daga nan sai ram. Girgizar mota kan saki ram daga mazauninsa, musamman kwamfutar da ta sha hanya daga Legas ko Kano a bayan babbar mota. Ka buɗe 'yan maƙallan gefe, ka zaro shi, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir na 'yan makaranta, a hankali, ka kakkaɓe, ka mayar har ka ji ƙas. In guda biyu ne, ka gwada ɗaya shi kaɗai, sannan ɗayan, sannan ka canja rami. Da haka za ka gane ko ram ne ya lalace ko ramin. Mu da ke bakin teku mun fi fama da wannan, saboda danshi da gishirin iska suna sa haƙoran su dushe.

Ka kuma kasa kunne. Kwamfutoci da yawa suna yin ƙara ɗaya gajera in komai lafiya. In tana ta maimaita ƙara, ko fitilar gaba tana ƙiftawa da wani lissafi, magana take yi maka. Ka ƙirga, ka rubuta, ka nemi ma'anarsa da sunan samfurin kwamfutarka, domin kowane kamfani da nasa lissafin.

In tana aiki sai ta mutu da kanta

In ta yi minti 20 ko rabin awa sannan ta ɗauke, ka kunna ta sake ɗaukewa da wuri fiye da na farko, zafi ne. Furosesa yana kare kansa: in ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu, in abin ya ƙi sai ya kashe kwamfutar. 'Yan uwanmu na Marwa, Njamena da Yamai sun san yadda ƙurar hunturu take daga Nuwamba zuwa Maris. Haka take taruwa tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya har ta zama kamar bargo. A fita da akwatin waje, a hure shi da abin hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma.

In an share ba ta daina ba, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe. A goge tsohon da sifirit, a ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙwayar wake, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusurwa da kusurwa. Sannan a ɗaga akwatin daga ƙasa, a ba shi tazara daga bango, kada a jibga masa bandir ɗin atamfa a kai. Kyankyasai da ɓeraye suna son ɗumin cikinsa, saboda haka duk ƙofar baya da ba a amfani da ita a rufe ta.

In kwanan wata yana komawa baya

Kullum ka kunna sai ka ga agogo ya koma wata tsohuwar shekara, shafin banki kuma ya ƙi buɗewa yana cewa babu tsaro. Kada a ce maka cuta ce ta shiga. Batir ne mai kama da kwabo a jikin uwar allo, sunansa CR2032, bolt 3. Masu gyaran agogo suna sayar da shi, ko kuɗin cin rana bai kai ba. Shafukan banki suna duba kwanan wata, shi ya sa suke ƙin buɗewa in agogon ya ɓace.

In tana nauyi ko tana ƙas-ƙas

Nan ne ba a wasa. Duk abin da ke cikin akwatin nan ana sayensa a kasuwa, ban da abin da ke cikin had-dis. In ka ji tana ƙas-ƙas, ko fayil yana ƙin buɗewa, ko tana sandarewa in za ta adana aiki, ka bar komai ka kwafi lissafinka zuwa filashi a ranar. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyar had-dis, in ta nuna rawaya ko ja, ka shirya canji. Ka sa SSD a madadinsa, ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ya fi jure girgiza, kuma tsohuwar kwamfuta takan farfaɗo da shi kamar sabuwa.

Wani maƙwabcina mai sayar da kayan babur ya kai tasa gyara saboda nauyi. Mai gyaran bai tambaye shi komai ba ya wanke ta tas ya sa sabuwar Windows. Ta dawo da sauri kam, amma sunayen masu bashi sun tafi. Masu tsoron Allah sun zo sun biya, sauran kuwa har yau shiru.

Ga masu haɗa sabuwa

Samarinmu da yawa yanzu suna sayen kaya ɗaiɗai su haɗa da kansu, kuma abu ne mai kyau. Sai dai a tabbatar kayan sun dace da juna kafin a biya. Ram DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kada a danna da ƙarfi. Furosesan Intel mai harafin F a ƙarshen lambarsa ba ya fitar da hoto sai da katin hoto na daban. Wayar wuta biyu ce ke zuwa uwar allo, babba mai haƙori 24 da ƙarama mai 4 ko 8 kusa da furosesa, kuma ƙaramar ce ake yawan mantawa. A ɓare ledar da ke manne a ƙasan ƙarfen sanyaya. A ɗaura 'yan ƙafafun tagulla tsakanin uwar allo da akwati, don in ta kwanta a kan ƙarfe kai tsaye wuta za ta haɗu. Dabara mafi kyau ita ce a fara tayar da ita a kan kwalinta, da furosesa da ram ɗaya kawai, in hoto ya fito sannan a shigar da ita akwati.

Mai sayen gwanjo kuma ya sani cewa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida tana neman furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Araha ba ta ado, a tambayi ƙarnin furosesa kafin a yi ciniki.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba

Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi sun fi komai kashe kwamfuta a ƙasashenmu. UPS ba kayan ƙawa ba ne, yana ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe a tsanake. Batirinsa yakan gaji bayan shekara biyu zuwa uku, zafi kuma yana rage masa kwana. Kada a jona masa firinta mai leza, ta fi ƙarfinsa. In za a tayar da janareta a zare kwamfuta, sai ƙararsa ta daidaita a mayar. In hadari ya taso da tsawa, a zare wayar wuta da ta intanet duka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu ƙetare iyaka. Filogin Najeriya da Gana mai ƙafa uku ne masu kusurwa, na Benin, Nijar, Kamaru da Chadi kuwa mai zagayayyun ƙafafu ne irin na Faransa. Adafta mai araha da muke sawa a tsakani sau da yawa ba ta haɗa wayar ƙasa. In ka taɓa akwatin ka ji yana ɗan cizonka, alamar ke nan. Ka sayi waya mai filogin ƙasar da kake zaune, ka sa mai aikin wuta ya duba ko soket ɗin shagon yana da wayar ƙasa.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

In ka ji warin ƙuna, ko ka ga kafasita ta kumbura a jikin uwar allo, ko haƙoran mazaunin furosesa sun lanƙwashe, nan iyakarka, a ba masu sana'a sana'arsu. Amma ka je da bayani a bakinka: "Malam, na gwada waya, na gwada ram ɗaya-ɗaya, na canja batir, ga ƙarar da take yi." Ka gaya masa a gaban shaida kada ya goge komai sai ya kira ka. In ya canja wani abu, ya ba ka tsohon a hannunka. Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, sauƙaƙa masa aiki ma ka yi.

Aikin da zan bar mana a wannan makon ɗaya ne. Kowa ya sayi filashi biyu, ya tsayar da rana ɗaya a mako, ya kwafi lissafin shago a kansu, ɗaya ya kwana a shago ɗaya a gida. In maigida ba ya samun sukuni, a ɗora wa uwargida ko babban yaro wannan aiki. Manyan basussuka kuma a ci gaba da rubuta su a littafi da biro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.