Tarihin Gida Yana Bakin Tsofaffin Mata

Duk wanda ya nemi tarihin wani ƙaramin gari a ƙasar Hausa, abin da za a fara miƙa masa shi ne jerin hakimai da dagatai, wane ya gaji wane, wane ya yi shekara kaza yana sarauta. Amma in ya tambayi abin da talakawa suka ci a shekarun yunwa, ko dalilin da ya sa zuriya kaza ta baro Barno ko Gobir ta yada zango a nan, sai a ce masa ya je wurin tsohuwar gidan wane, in Allah Ya sa tana da sauran kwana. Wannan ilmi, a ganina, amana ce a wuyan jikoki, kuma sakacinmu da shi ya kai matsayin da ya kamata a yi magana.

Hujjata ita ce Baba ta Karo. Tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe sarauta ba, wadda wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta abin da take faɗa game da harin masu kamun bayi, da zaman rinji, da aure da kishi da ƙawance, da zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau masana suna dogara da shi wajen sanin rayuwar matan Hausawa kafin mulkin mallaka. Da an yi jinkirin shekara biyu kacal, da kabari ya rufe wannan duka. To, Baba nawa muka binne tun daga lokacin, alhali muna da alƙalami, yanzu ma har da wayar da ke ɗaukar murya?

Kada a ɗauka maganar hira ce kawai, domin akwai hukuncin shari'a a cikinta. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ita ake tambaya a garinmu kafin a sa ranar aure, saboda ita ta san wace ce ta shayar da ɗan wace a shekarar da uwarsa ta kwanta ciwo. Kuma kowane ɗalibin fiƙihu ya san cewa shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa. Haka nan ta san iyakar gonar gandu, da bishiyar da aka yi shaida da ita ranar rabon gado, da wanda aka ba aron fili ba kyauta ba, abubuwan da a yau 'yan'uwa suke kai juna gaban alƙali a kansu. Ba ta ƙirga shekaru da lamba, sai ta ce shekarar canjin kuɗi, ko shekarar babban fari, wanda kuwa ya san an fara kashe naira a 1973 ba zai sha wahalar daidaita lissafinta ba.

Wasu za su ce tsufa yana kawo mantuwa, labarin tsofaffi kuma yakan cakuɗe da tatsuniya. Gaskiya ne, amma malaman hadisi sun riga sun koya mana magani: a rubuta riwaya tare da sunan mai riwaya da wanda ya ji daga gare shi, sa'an nan a gwada ta da ta wani dattijon, inda suka saɓa a ajiye duka biyun. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sirrin gida, musamman maganar asalin bauta, wadda har gobe ake yi wa mutane gori da ita. Irin wannan sai da izinin mai faɗa, kuma ya tsaya a hannun iyali.

Ba sai an jira jami'a ko Gidan Arewa na Kaduna ba. Wanda zai je gida da salla, ya gaida goggonsa ko innarsa kamar yadda ya saba, ya bar ta ta gama tambayar mutanen birni, sa'an nan ya roƙe ta ta fara daga sunan kakarta da garin da aka auro ta.