Motar Buri da Hanyar Kelle

Kowane mutum da motar da yake buri gwargwadon shekarunsa. Saurayin da ya fara karɓar albashi idonsa na kan Toyota Corolla sabuwa fil. Magidanci ɗan kasuwa, mai jigilar hatsi da awaki, Hilux yake so. Dattijon da ya kusa ritaya kuwa Land Cruiser yake hange, don ya koma gida da mutunci.

Buri ba laifi ba ne, amma a yi lissafi. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, aka koma ga tsofaffin Turai da ake saukewa a Kwatanu. A 2023 aka rufe iyakar Benin, Najeriya kuma ta janye tallafin mai. Kuɗin kwasan da kayan gyara na nan suna jira.

Sa'an nan ga hanya. Wanda ya bar kwalta a Gure ya nufi ƙauyukan Kelle, rairayi da duwatsun Kutus ne za su zaɓa masa mota, ba shekarunsa ba. Saurayi ya riƙe babur, kada ya ci bashi. Magidanci ya sayi wadda makanikin Gure ya san cikinta. Dattijo ya bar wa iyali gona da garke. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ga mahukunta kuwa, roƙonmu ɗaya ne: a gyara hanya. Ranar da aka yi haka, ƙaramar mota ma za ta kai mai naƙuda asibiti da rai.